Daga takardar mai unguwa zuwa allon waya: Yadda ake lissafa haraji da miƙa bayanansa ta intanet

Bayan sallar isha'i ne yayana ya kira ni, a makon farko na Janairun 2026, muryarsa fal da fara'a. Ma'aikaci ne mai ɗaukar naira 300,000 a wata kafin a yi yanke-yanke, kuma tun da aka fara cece-kuce kan sabuwar dokar haraji bai samu barcin kirki ba.

"Zo ka gani da idonka," in ji shi. "Ashe an yafe mana."

Na same shi a tsakar gida kan tabarma, tabarau a kan hanci, shayinsa ya huce a gefe. Wani abokin aikinsa ne ya turo masa shafin lissafin haraji ta WhatsApp. Ya rubuta albashinsa a akwatin farko, ya latsa, shafin ya amsa masa da manyan baƙi: harajinka naira 0. Har ya riga ya tura hoton sakamakon zuwa zauren 'yan ofishinsu.

Na karɓi wayar na karanta ƙananan rubutun da ke saman akwatin. Kuɗin shiga na shekara guda ake tambaya. "Yaya," na ce, "ai na wata ɗaya ka sa." Muka ninka sau 12, ya zama naira miliyan 3.6, muka sake latsawa. Sifilin nan ya yi ɓatan dabo, wata lamba mai ƙiba ta zauna a gurbinsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, sai ka ce gilashin ne da laifi.

Shafin bai yi masa ƙarya ba. Tambayar da aka yi masa ita ya amsa, kuma daidai ya amsa. Haka halin kowace manhajar haraji yake: ta fi kowane akawu saurin tarawa da ɗebewa, amma abin da ka zuba mata shi za ta dafa maka. Ranar da hukuma ta zo da tambaya kuwa, sunanka ne a kan takardar.

Harajin da kakanninmu suka sani

Dattawan arewa sun san haraji a wata siga daban. A zamanin En'e babu mai ce maka ka zauna ka yi wa kanka lissafi. Hakimi ke sauke wa dagatai abin da aka yanka wa ƙasarsa, dagaci ya sauke wa masu unguwa, mai unguwa ya bi gida-gida, kowane baligi ya biya, a ba shi 'yar takarda ya adana ta kamar laya. Makiyayi kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Turawa sun tarar da kuɗin ƙasa da jangali a masarautu, sai Gwamna Lugga ya tattara su cikin dokokinsa na 1904 da 1906. Wanda ya kasa biya ya san azabar rana a ƙofar fada, wasu ma sukan bar gari sai ƙura ta lafa. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka yi ta murna kamar ranar salla.

Abin da aka soke a lokacin shi ne kuɗin da ake ɗora wa kan kowane namiji, da jangalin shanu. Harajin kuɗin shiga bai taɓa gushewa ba. Dokar 1993, wadda aka yi wa babban gyara a 2011, ita ta yi ta tafiyar da shi, kuma galibin masu biyansa ma'aikata ne da ake cire musu tun kafin albashi ya faɗa asusu, tsarin da ake kira PAYE. Da yawa sun shekara ashirin suna biya ba su taɓa sanin yadda ake lissafinsa ba.

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Matakan sabon lissafi sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya, FIRS, kuma ta koma NRS. Mutum ya bayyana kuɗin shigarsa da kansa ba sabon abu ba ne a doka, sai dai a da ba a cika bibiya ba. Yanzu tara ta yi nauyi, lambar NIN ta zama tushen lambar harajin mutum, aikin da mai unguwa ke yi da ƙafa kuma ya koma cikin waya.

Wa ake kai wa, kuma yaushe?

Harajin kuɗin shigar mutum na jihar da yake zaune ne, ko da ba ita ce jiharsa ta asali ba, ko da kuma hedikwatar kamfaninsa na wani wuri. Bakatsinen da ke zaune a Kano, hukumar KIRS ce tasa. Mazaunin Kaduna na KADIRS ne, mazaunin Abuja na FCT-IRS, na Legas kuma LIRS. Wannan shi ne abu na farko da ake kuskurewa, domin sunan hukumar tarayya ne ya fi yawo a rediyo.

Wa'adi biyu ne. Ma'aikatu da kamfanoni suna miƙa bayanan ma'aikatansu na shekarar da ta gabata zuwa 31 ga Janairu. Mutum a karan kansa kuma yana da har zuwa 31 ga Maris ya miƙa nasa, a takardar da aka daɗe ana kira Fom A. Cire maka haraji daga albashi bai ɗauke maka wannan nauyin ba, domin doka na son ka faɗi duk hanyoyin samunka: albashi, hayar shago, ribar kasuwanci, aikin gefe. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na rashin miƙawa, da naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Ko ba tara ma, wata rana za ka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, wajen neman kwangila, ko takardar mallakar fili, ko tsayawa takara, a nan ne giɓin shekarun baya ke fitowa fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Legas na da shafinta na eTax tun 2019, sauran jihohi ma kowace da nata. Wasu sun yi nisa, wasu har yanzu sai ka haɗa da leƙa ofis. A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai shafukan lissafi, irin wanda aka turo wa yayana, waɗanda ke ba ka ƙiyasi kawai. Akwai kuma shafin hukumar jiharka, inda za ka yi rajista, ka cike bayanai, ka ɗora takardu, ka miƙa, a ba ka shaida. Ko sau ɗari ka yi lissafi a na farkon, a wurin hukuma ba ka miƙa komai ba.

Abin da manhajar ke yi a cikinta

Babu wani tsafi a ciki. Mataki uku ne, kuma duk mai biro da takarda zai iya bin sawunsu.

Da farko tana tara duk kuɗin shigarka na shekara. Sannan ta ɗebe abin da doka ta yarda a ɗebe: kuɗin fansho, wanda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na ainihin albashinsa da wasu alawus, da gudummawar asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin gina gidan da kake zaune ciki, sai kuma sabon rangwamen haya, wato kashi 20 cikin 100 na hayar da ka biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Abin da ya rage shi ake yanka wa haraji, hawa-hawa. Naira 800,000 na farko babu ko kwabo. Naira miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin 100. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 a wata, doka ta ɗauke masa gaba ɗaya.

A daren nan mun bi lissafin yayana a bayan wani tsohon katin ɗaurin aure. Naira 3,600,000 a shekara. An cire masa fansho naira 240,000. Hayar gidansa naira 600,000, rangwamenta naira 120,000 ke nan. Saura naira 3,240,000. Dubu 800 na farko sun wuce kyauta. Miliyan 2.2 na gaba suka ba da naira 330,000. Ragowar naira 240,000 a kashi 18 suka ba da naira 43,200. Jimla naira 373,200 a shekara, wato naira 31,100 a wata. Muka duba wayar, lambar ta yi daidai da ta katin.

A nan ne wani tsoro da ya daɗe yana damunsa ya kau. Ya ɗauka da zarar mutum ya tsallaka miliyan 3, dukan albashinsa ne za a yanka da kashi 18, har yana cewa gara kada a yi masa ƙarin girma. Abin da ya haura iyakar kawai ake yi wa sabon farashi. Ƙarin albashi ba ya taɓa mayar da mutum baya.

Ramukan da ake faɗawa

Na farko shi ne shekara. Intanet ba ta zubar da tsofaffin kaya, shafukan da aka gina kan tsohuwar doka suna nan birjik. A tsohon tsari ana ba da rangwamen bai-ɗaya na naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga, haraji ya fara daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24. Da irin wannan shafin yayana ya faɗa, da naira 410,480 za a nuna masa, bambancin naira 37,280. Kuma tsohon shafin bai zama shara ba: albashin 2025 da tsohuwar doka ake auna shi, na 2026 da sabuwa. Tambayar farko da za ka yi wa kowace manhaja ita ce, dokar wace shekara ke cikinki? Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da matasa ke tambaya komai su ma sukan haɗa tsoho da sabo, su faɗa maka cikin natsuwa kamar sun tabbatar.

Na biyu shi ne rashin rarrabe ciniki da riba. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari na iya juya miliyan 40 a shekara, amma bayan kuɗin sari da dako da hayar shago da sallamar yaran shago, abin da ya zama nasa bai kai kashi ɗaya bisa goma ba. Mai POS ya fi kowa shiga wannan tarkon: miliyoyi na ratsa asusunsa, nasa kuwa 'yar ladan da yake cira ce. In ya kwafi jimlar da ke ƙasan bayanin banki ya liƙa a akwatin kuɗin shiga, manhaja ba za ta ce masa kul ba, za ta yanka masa harajin attajiri. Haka kuɗin adashi, da rancen da aka mayar maka, da gudummawar biki, da abin da ɗan'uwa ya aiko a kai wa iyaye, duk suna shiga asusu amma ba samu ba ne. Da jita-jita ta bazu a ƙarshen 2025 cewa za a riƙa zare haraji kai tsaye daga duk kuɗin da ya shiga asusu, kwamitin Oyedele ya fito ya musanta. Amma wanda ya cakuɗa kuɗin shago da na cefane da na amana a asusu guda, shi zai sha wahalar bayani in an tambaye shi. Asusu biyu da littafin shiga da fita sun fi kowace manhaja amfani a gare shi.

Na uku shi ne manta abin da aka riga aka biya. Ma'aikaci ya shigar da jimlar PAYE da aka cire masa. Ɗan kwangila ko mai aikin ƙwarewa kuma ya nemi shaidar harajin da aka riƙe daga kuɗinsa lokacin biya, domin ana ɗebe shi daga abin da ake binsa. Wanda ya bar akwatin nan fanko zai biya sau biyu. Akwai ma wata fa'ida: shafin hukuma kan nuna wa ma'aikaci ko kuɗin da ake cire masa duk wata ya isa baitulmali, ko kuwa ya maƙale a hanya.

Darasi daga Amurka da Istoniya

Amurka ce kasuwar manhajojin haraji mafi girma. A can kusan duk mai samu sai ya cike fom mai lamba 1040 zuwa 15 ga Afrilu. Hukumar IRS ta fara gwajin karɓa ta kwamfuta a 1986, yau sama da kashi 90 cikin 100 ta nan ake miƙawa. Manhajoji irin su TurboTax na kamfanin Intuit da ta H&R Block suna yi wa mutum tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar hira: kana da aure? 'Ya'ya nawa? Ka sauya aiki? Lambar rarar da za a mayar maka tana hawa da sauka a saman allo, a ƙarshe kuma manhajar ta bi fom ɗin tana nuna inda aka bar giɓi.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2002 kamfanonin suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati cewa za su bai wa masu ƙaramin ƙarfi hidima kyauta, ita kuma IRS ba za ta gina tata manhajar ba. A 2019 kafar binciken ProPublica ta bankaɗo yadda aka ɓoye shafin kyautar daga masu nema a Google, ana karkatar da mutane zuwa wanda ake biya. A 2022 Intuit ta amince ta biya dala miliyan 141 ga mutum kusan miliyan 4.4, bayan sulhu da dukan jihohin ƙasar 50. IRS ta gwada tata manhajar kyauta mai suna Direct File a jihohi 12 a 2024, mutum kusan 140,000 suka yi amfani da ita, aka faɗaɗa ta zuwa jihohi 25 a 2025, sannan gwamnatin Trump ta rufe ta.

Istoniya, 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, ta bi wata hanyar tun shekarar 2000. Hukuma ce ke cike fom ɗin da bayanan da ta riga ta samu daga ma'aikatu da bankuna, mutum ya shiga ya duba, ya gyara in da gyara, ya amince cikin 'yan mintoci. Afirka ta Kudu ma ta rungumi irin wannan tun 2020. Jihohinmu na kan mararraba tsakanin hanyoyin nan biyu. In shafukansu suka zama masu sauƙi, masu aiki a ƙaramar waya, masu magana da Hausa da sauran harsunanmu, talaka zai yi abinsa da kansa. In suka yi wuyar sha'ani, 'yan tsakiya za su cike gurbin, mutum ya biya haraji ya kuma biya kuɗin biyan haraji.

Sirrinka a hannun wa?

Fom ɗin haraji ya san abin da maƙwabcinka bai sani ba: albashinka, hayarka, lambar NIN, adireshin gidanka. A Nuwamban 2022 kafar The Markup ta gano cewa wasu manyan shafukan haraji na Amurka suna tura bayanan kuɗin masu amfani da su zuwa Facebook. In haka ta faru a can, sai a yi hattara da shafin da aka turo a zauren WhatsApp ba a san mai shi ba. Shafin ƙiyasi ba ya buƙatar sunanka, balle BVN ko lambar katin banki. Duk wanda ya nemi waɗannan, rufe shi. Najeriya na da dokar kare bayanai ta 2023, amma rigakafi ya fi magani.

Mutanenmu da yawa shagon kwamfuta za su je, inda ake cike wa yara JAMB. Babu laifi, amma ka zauna kusa da yaron shagon ka ga abin da yake rubutawa. Lambar wayarka da imel ɗinka za a sa, ba nasa ba. Kai za ka zaɓi kalmar sirri, kuma ka tabbata an fita daga shafin kafin ka miƙe. Biya kuma ta hanyar da hukuma ta tanada kawai, da lambar biya da rasit, kada ka tura wa asusun wani mutum ko da ya ce ma'aikacin haraji ne.

Kafin ka latsa, da bayan ka latsa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A makon ƙarshe na Maris kowa ke rububin shiga, shafuka su yi nauyi. Tun Fabrairu ka tara takardun albashi 12, bayanin banki, bayanin asusun fansho, rasit na haya da na inshora. In ka gama cikewa, karanta fom ɗin daga sama har ƙasa kamar na wani kake dubawa. Sunan ya yi daidai da na NIN? Shekarar ita ce? Ƙirga sifilai, domin tsakanin 360,000 da 3,600,000 ɗigo ɗaya ne a ido. Sannan ka auna sakamakon da hankali: harajin da ya kai rubu'in samunka kuskure ne, sifili ga mai miliyoyi ma kuskure ne. Bi matakan da biro sau ɗaya, ba zai ci maka minti goma ba.

In ka miƙa, sauke shaidar karɓa ka buga ta a takarda, ka ajiye takardunka aƙalla shekara shida. In hukuma ta aiko maka da ƙimar da ba ka yarda da ita ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, bayan nan akwai kotun sauraron ƙararrakin haraji, sabuwar doka ma ta kafa ofishin mai shiga tsakani don koken masu biya.

Shi kuwa yayana, abu ɗaya ya tsaya masa a rai a daren nan. Da muka cire haya daga lissafin don gwaji, harajin ya tashi zuwa naira 394,800. Naira 21,600 ke nan ke rataye a kan rasit, shi kuma shekara bakwai yana biyan haya hannu da hannu, sai "Allah ya yi albarka". Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya bi mai gidan har zaure.

"Ranka ya daɗe Alhaji, rasit nake so na hayar bana."

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, yau kuma rashin yarda ce ta shigo tsakaninmu?"

"Wane ni, Alhaji. Gwamnati ce ke tambaya."

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci. Mai yiwuwa a lokacin ne ya tuna cewa abin da ya fita daga aljihun ɗan haya, a aljihun mai gida yake sauka, kuma shi ma akwai akwatin da ke jiransa a fom. Daga baya ya aika yaro ya sayo littafin rasit a bakin kasuwa, ya rubuta kwanan wata da adireshin gida da adadin kuɗi, ya sa hannu. Yayana ya ɗauki hoton rasit ɗin a waya, ya sa asalin a wata ambulan mai ruwan ƙasa da ya rubuta wa 2026 a baya, ya tura ta ƙarƙashin kayan sallarsa a cikin akwati.